Yadda Ake Horar da Masu Kula da Tsofaffi a Gida Su Iya Magana da Dattijo

A gidaje da yawa a Kano, Kaduna, Abuja da Maraɗi, jinyar tsoho ta fara fin ƙarfin 'ya'ya da jikoki su kaɗai. Ɗa yana aiki a Legas, 'ya tana aure a wani gari, suruka tana fita tun safe, sai a ɗauko wata a riƙa biyanta ta kula da Hajiya, ko a samo wani saurayi ya zauna da Baba. Ranar da ta zo za a nuna mata ledar magunguna, a ce ta rage gishiri a miya, a gwada mata yadda ake ɗaga Hajiya zuwa bayi. Abin da ba a cika koya mata ba shi ne yadda za ta buɗe baki ta yi wa tsohuwar magana. Bayan wata biyu sai a ji an ce "jininsu ne bai haɗu ba", ko "Hajiya ta cika rigima", a sallami wannan a nemo wata, ita ma a maimaita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zuwa shekarar 2030 mutum ɗaya cikin kowane shida a duniya zai kasance ya kai shekara 60, zuwa 2050 kuma yawansu zai kai biliyan 2.1, mafi yawansu a ƙasashe irin namu. Najeriya ta fara motsawa: an buɗe cibiyar lafiyar tsofaffi a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 2012, an sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa a 2018, ta kama aiki a 2021. Amma tsohon da ke kwance a Fagge ko Tudun Wada ba a cibiya yake yini ba. A ɗakinsa yake yini, tare da mutum ɗaya, kuma abin da ke fitowa daga bakin wannan mutumin shi ke sa ya ci abinci ko ya ture kwano.

Wannan jagora ta mai horarwa ce: nas ɗin da aka roƙa ta koyar, jami'in lafiya na unguwa, mai kamfanin da ke tura masu kula gidaje, ko babbar 'yar da ta ɗauki mai aikin da kanta. Tushen tsarin, wato a fara ganin mutumin kafin ciwonsa, ya shahara ne ta hannun Tom Kitwood na Jami'ar Bradford a Ingila, wanda ya yi aiki a kan masu cutar mantuwa har rasuwarsa a 1998. Ya lissafa halaye 17 da masu jinya ke rushe mutuncin tsoho da su, irin su mayar da shi yaro, yi masa gaggawar da ta fi ƙarfinsa, yin maganarsa a gabansa kamar ba ya nan, da yaudararsa don ya bi umarni. Ya nuna cewa akasari ba da mugun nufi ake yin su ba. Mai horarwa ya riƙe wannan sosai, domin ba azzalumai ne a gabansa ba. Mutane ne masu gajiya da sauri, waɗanda ba wanda ya taɓa nuna musu wata hanya.

Mataki na farko: takarda ɗaya a kan mutumin

Katin asibiti zai ce shekara 78, hawan jini, ciwon suga, shanyewar ɓarin hagu. Ba zai ce mutumin nan ya yi shekara talatin yana sayar da atamfa a Kantin Kwari ba, ko cewa matar nan ita ce ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa. Mai kula da ba ta san wannan ba, ciwo kawai take gani a kan gado.

Don haka darasin farko shi ne cike takarda ɗaya, shafi guda tak, a liƙa ta a cikin murfin littafin da ake rubuta magani. Da wane suna ake kiransa: Baba, Malam, Alhaji, ko da sarautarsa? Ita kuma Hajiya ce, Inna, Gwaggo ko Iya? Yaya safiyarsa take tafiya daga sallar asuba zuwa hantsi? Yana lazimi da ba ya son a katse masa? Koko yake sha ko shayi? Wace tasha yake kamawa, Sashen Hausa na BBC ko Rediyon Kaduna? Idan Kirista ce, wane sashe na Littafi Mai Tsarki take son a karanta mata, waɗanne waƙoƙin coci ne a bakinta? Wane kunne ya fi ji? Wace magana ce ke ɓata masa rai: ɗan da ya rasu, gonar da aka sayar, rigimar gado? Sannan wane harshe ya fara yi a duniya? Wannan tambayar tana da amfani fiye da yadda ake zato, domin mai cutar mantuwa yakan koma harshen ƙuruciyarsa. Tsohuwar da ta yi shekara sittin tana Hausa za ta iya wayar gari Fulatanci ko Barbarci ko Zabarmanci ya fi mata sauƙi. Mai kula ta koyi ko da gaisuwa da kalmomin ruwa, abinci, zafi da bayi a wannan harshen.

A sa alkunya a cikin takardar. Tsofaffin mata da yawa ba sa faɗin sunan miji ko na ɗan fari. Sai ka ga ana gwada hankalin tsohuwa, ana cewa "Inna, wane ne wannan? Faɗi sunansa mana", ita kuwa ta sunkuyar da kai ta yi shiru, a fita a ce ta manta ɗanta. Ba ta manta ba, kunyar da ta riƙe tun tana amarya ce. Mai kula ta san waɗanne sunaye ne ba a faɗa a ɗakin, da abin da ake faɗa a madadinsu.

Dattijon ake fara tambaya, iyali su cike giɓi daga baya, ko da kuwa maganarsa ta yi nauyi. A wurin horo, a raba ɗalibai biyu-biyu, kowa ta cike takardar a kan kakarta ko wani tsohon gidansu, 'yar uwarta tana tambaya. Da yawa za su tarar akwai abin da ba su sani ba game da wadda suka tashi a gabanta.

Mataki na biyu: shiga ɗaki

A gwada wannan a aikace, da ƙofa ta gaske da tabarma ko gado. Sallama, sannan a dakata a ji an amsa. Ɗakin nasa ne, ko da ba ya iya tashi ya buɗe. A zo ta gabansa, kada a ɓullo ta baya ko a dafa shi yana gyangyaɗi. A rusuna a gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, a tambayi kwana da jiki, a saurari amsar. Idan idonsa ya yi rauni ko yana mantuwa, ta faɗi ko ita wace ce kowane shigowa, ba tare da ta mai da abin jarrabawa ba: "Baba, ni ce mai kula da ku, na kawo ruwan alwala." Idan za ta fita ma ta faɗa, don kada makaho ya ci gaba da magana da ɗaki wayam.

Littattafan horo na Turai suna nanata a kalli tsoho ido cikin ido. A wurinmu yarinya ta ƙura wa dattijo ido rashin kunya ne, kuma shi ma zai tsargu. Amma sunkuyar da kai gaba ɗaya yana da nasa lahani, domin wanda jinsa ya ragu da leɓe da fuska yake cike abin da kunne ya rasa. Mafita ita ce ta zauna ƙasa da shi ko daidai da shi, fuskarta a buɗe tana fuskantar haske, ta riƙa ɗaga ido tana saukewa kamar yadda 'ya mai ladabi ke yi wa mahaifinta. Abin da ba a so shi ne tsayuwa a kansa da kwano a hannu, ana yi masa magana daga sama.

Mataki na uku: raba ta da maganar yara

Nan ne aikin ya fi wuya, domin masu yin ta suna ganin ƙauna suke nunawa. Murya ta siranta, a ja kalmomi, a ce "Yawwa ɗan tsohona, buɗe baki, aaa", "Kai, yau Hajiya ta yi ƙoƙari, ta cinye tas", "Mu je mu yi wankanmu ko?" Wasu ma har tsawa da barazana irin ta yara: "In ba ki sha ba zan gaya wa Alhaji."

Kristine Williams, malamar jinya a Jami'ar Kansas ta Amurka, ta ɗauki bidiyon yadda ma'aikata ke hulɗa da masu cutar mantuwa a gidajen kula da tsofaffi. Ta gano sun fi turjewa, su kau da kai, su ture hannu ko su yi ihu, idan aka yi musu irin wannan magana, fiye da idan aka yi musu maganar manya. Daga baya ta tsara gajeren horo, inda ma'aikata ke kallon misalai suna gyara kalamansu, aka kuma ga turjiyar ta ragu. Ma'ana, ko wanda ya manta ranar da ake ciki bai manta cewa shi babba ba ne.

Hanyar koyarwa ita ce mai horarwa ya faɗi jimla mara kyau, ɗaliba ta juya ta. "Buɗe baki" ya koma "Baba, ga kunun, ya huce daidai sha." "Mu yi wankanmu" ya koma "Hajiya, ruwa ya yi ɗumi, yanzu za ku yi ko sai an jima?" A lura da amfani da "ku" ga wanda ya saba a girmama shi da ita. A ba su ma'auni ɗaya da za su riƙa auna kansu: wannan maganar, zan iya faɗa wa mutumin nan ita lokacin da yake da ƙarfinsa, yana zaune a zaure mutane na gaishe shi? Idan a'a ne, yanzu ma ba ta dace ba.

Wasan jika da kaka daban ne, kuma kada a kashe shi. Tsohon da ke kiran jikarsa "amarya" yana tsokanarta yana jin daɗin a rama masa. Sai dai shi ke buɗe wannan ƙofar, ba mai kula ba, kuma ba a makon farko ba.

Mataki na huɗu: kunne, ido da jinkiri

Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai takurawa, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya. Raunin ji na tsufa sauti mai siriri yake fara ɗaukewa, irin "s", "sh", "f" da "ts". Shi ya sa tsoho ke cewa "ina jin ki, amma ban gane ba." Ihu ba ya gyara wannan. Yana ƙara sirantar da murya, ya murguɗe fuska, tsohon ya ɗauka faɗa ake yi masa. A kauraro murya kaɗan, a rage sauri, a rage rediyo ko talabijin da izininsa, a matsa ɓangaren kunnen da ya fi ji. In bai gane ba, a sake faɗa da wasu kalmomin maimakon maimaita waɗancan da ƙarfi. Kada a yi magana ana tauna cingam ko an juya baya ana ninke kaya.

Kafin a yanke cewa tsoho ya rikice, a duba abubuwa masu sauƙi: tabaransa yana fuskarsa kuma a goge yake? Haƙoran robarsa suna baki? Na'urar jinsa tana da batir? Wani lokaci dattin kunne ne ya toshe, wanda ma'aikacin lafiya zai cire, ba mai kula da tsinke ba.

A wurin horo a sa kowace ɗaliba ta toshe bakin kunnenta da auduga, ta sa tsohon tabarau da aka shafa wa basilin, sannan wata ta ba ta umarni uku a jere da sauri tana kallon wani wuri. Minti biyar na wannan ya fi dogon bayani. Daga nan a koya musu magana ɗaya a lokaci ɗaya, da jira. Bayan tambaya ta ƙirga goma a zuci kafin ta sake cewa komai. Yawancinsu ba sa kaiwa huɗu a gwajin farko.

Mataki na biyar: bar masa zaɓinsa

Mutumin da ya aurar da 'ya'ya, ya raba faɗan unguwa, ya riƙe gida shekara hamsin, rana ɗaya sai a wayi gari wani ne ke yanke masa lokacin kwanciya da rigar da zai sa. Yawancin abin da ake kira taurin kan tsufa daga nan yake tasowa. Mai kula ta koyi mayar masa da duk zaɓin da zai iya riƙewa. Ga wanda hankalinsa ke garau, tambaya a buɗe: "Me kuke sha'awa da rana?" Ga wanda ya fara rikicewa, abu biyu a nuna masa su a hannu: farar riga ko shuɗiya, fura ko kunu. Kuma abin da zai iya yi da kansa a bar shi ya yi, ko da ɗaura maɓalli zai ci minti biyar. "Bari in yi muku" magana ce mai daɗin ji, amma idan ta yi yawa hannun da ke aiki ma sai ya mutu.

Wanka, tsarki da canza famfas su ne wurin da mutunci ya fi saurin zubewa. In da hali, mace ta kula da mace, namiji da namiji. A rufe ƙofa, a kori yara, a lulluɓe jiki da zane ana buɗe inda ake wankewa kawai. A faɗi abin da za a yi kafin hannu ya taɓa: "Zan ɗaga ƙafarku ta dama yanzu." A miƙa masa soso ya wanke al'aurarsa da kansa idan zai iya. In ya ɓata shimfiɗa, ba toshe hanci, ba tsaki, ba "haba Baba, kuma dai?" Ta ce "ba komai, yanzu za a gyara", ta yi aikin, ta kuma riƙe bakinta a tsakar gida. Suratul Isra'i ta hana ɗa ya ce wa iyayensa da suka tsufa ko da "uf". Wadda aka ɗauka ta tsaya a madadin ɗan, haƙƙin ya hau kanta.

Sallah kuma ba abin da mai kula za ta sa a bayan jadawalinta ba ne. Ta san lokutan, ta kawo buta ko abin taimama, ta juya shi alƙibla, ta jira ya idar da addu'a kafin ta kawo magani.

Idan ya ƙi magani, a koya mata tambayar dalili maimakon lallashi ko tilas. Ƙwayar ta yi masa girman haɗiya ne? Tana sa shi jiri, ko yawan fitsarin da ke karya masa alwala? Wani ya ce masa maganin Bature ba a daina shi, ya tsorata? Kowace amsa hanyarta daban, kuma duk sai an kai wa likita. Kada ta daka ƙwaya ta ɓoye a tuwo bisa ra'ayin kanta: wasu magunguna ba a daka su, kuma ranar da ya gane, ya daina yarda da abincin hannunta. Haka batun azumin mai ciwon suga. Ba ita za ta hana ko ta yarje ba. Nata shi ne ta kai maganar ga iyali tun kafin watan ya kama, a zauna da likita da malamin da tsohon ya amince da shi.

Mataki na shida: idan mantuwa ta shigo

Mutanenmu suna ce mata gigin tsufa, kamar dai dole ce ga duk wanda ya daɗe. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Fiye da mutum miliyan 55 ke ɗauke da ita a duniya, kuma cutar Alzheimer ce ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. A faɗa wa ɗalibai wannan ƙarara, domin har yanzu akwai inda tsohuwa ke sambatu cikin dare a ce mayya ce ko aljanu ne, kuma mai kula da ta shigo gida da wannan tunanin ba za ta taɓa tsohuwar da hannun rahama ba.

A gwada yanayi uku da kowace mai kula za ta haɗu da su. Na farko, Hajiya tana tambayar mijinta da ya rasu shekara goma, tana cewa a zuba masa abinci. Idan aka ce "ai Alhaji ya rasu", za ta ji rasuwar sabuwa fil, ta yi kuka, ta manta, gobe a sake. Idan kuma aka ce "ya tafi kasuwa, yanzu zai dawo", za ta zauna jiran wanda ba zai zo ba, wata rana kuma ta gane an yi mata ƙarya. Ni dai ina ganin a bi abin da ke ƙarƙashin tambayar, wato kewa: "Kuna tunaninsa ko, Hajiya? Wace miya ya fi so?" Sau da yawa sai ta shiga labari, hankalinta ya kwanta. Amma idan ta tsare ta da ido ta ce "gaya min gaskiya, ya rasu ne?", a gaya mata a hankali, a yi masa addu'a tare, a zauna da ita.

Na biyu, zargin sata. Ta ɓoye kuɗinta a ƙarƙashin katifa ta manta, sai ta ce mai aiki ce ta ɗauka. Wannan yana da ciwo ƙwarai, musamman ga yarinyar da ta fito neman halal. A koya mata kada ta shiga rantse-rantse da musu. Ta ce "Subhanallahi, bari mu duba tare", ta san wuraren ɓuya da aka saba, ta bar tsohuwar ta gano da hannunta. Sannan ta rubuta a littafi ta sanar da iyali a ranar. Su ma iyalin a gaya musu tun farko cewa wannan alamar cutar ce, don kada a zubar da mutuncin baiwar Allah a banza.

Na uku, tashin hankalin yamma. Masu wannan cuta da yawa suna rikicewa daga la'asar sakaliya zuwa magariba, su ɗaure kaya su ce za su tafi gida alhali suna gidansu. Tare ƙofa da gardama ƙara hura wutar suke. A kunna fitila tun kafin duhu, a rage hayaniyar yara, a taka da ita zuwa tsakar gida a zagayo, a ba ta abin da hannunta ya sani, kamar tsince wake ko jan carbi. Karatun Alƙur'ani da waƙoƙin da aka haddace tun ƙuruciya sukan daɗe bayan sauran abubuwa sun tafi.

Akwai bambanci ɗaya da dole kowace mai kula ta haddace. Mantuwa a hankali take zuwa, cikin watanni da shekaru. Idan tsoho ya rikice farat ɗaya cikin awoyi ko kwana ɗaya biyu, ko ya yi laushi da barcin da ba a saba ba, a nemi asibiti a ranar, domin yana iya zama cuta a mafitsara ko huhu, ƙarancin ruwa a jiki, faɗuwar suga ko illar magani. Idan kuwa baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe nan take, alamar shanyewar ɓarin jiki ce, kuma ba a jira gari ya waye.

Wanda shanyewar ɓarin jiki ta riga ta taɓa wa harshe, sau da yawa hankalinsa na nan, kalmar ce ta ƙi fitowa. A yi masa tambayar "i" ko "a'a", a bar shi ya nuna da hannu, kada a riga shi ƙarasa magana, kada kuma a yi kamar an gane alhali ba a gane ba.

Mataki na bakwai: bakinta a wajen ɗakin

Mai kula tana ganin abin da ko 'ya'yan cikinsa ba sa gani. Sirrin jikinsa da na gidansa amana ne: ba hoto, ba bidiyo, ba labari a WhatsApp ko wurin biki. Idan baƙi ko likita suka zo, kada ta amsa tambayar da aka yi wa tsohon. Ta juya gare shi: "Baba, likita na tambayar barcinku." Rahoton da za ta ba iyali ya zama abin da ta gani, ba hukunci ba. Maimakon "yau ta yi rigima", ta ce "ta ƙi abincin rana, ta ce haƙorinta na ciwo, ta sha fura da la'asar."

Sai magana mai nauyi. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kusan mutum ɗaya cikin shida na masu shekara 60 zuwa sama ya fuskanci wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda, daga zagi da sakaci zuwa cinye masa dukiya. Mai horarwa ya gaya wa ɗalibai sarai wa za su kira idan suka ga tabon da ba a san dalilinsa ba, ko tsoho yana firgita idan wani ya shigo, ko ana sa shi dangwala hannu a takardar da bai fahimta ba.

Tsarin horon da bibiyarsa

Kada ɗalibai su wuce takwas a zama ɗaya, don kowa ta samu gwadawa. Zama uku na rabin yini, da 'yan kwanaki a tsakani, ya fi yini guda a dunƙule, saboda suna komawa aiki su dawo da tambayoyin gaske. Kashi ɗaya bayani, kashi biyu gwaji: ɗaya ta zama Hajiya, ɗaya mai kula, ta uku ta sa ido, sannan a juya. Wadda ta zama Hajiya ita ake fara tambaya yadda ta ji. Da yawa cikin masu wannan aiki ba su yi nisa a boko ba, don haka a yi komai da Hausa, da baki, wadda ta fi sabawa da ajami ta rubuta da shi. Wajen gyara a fara da abin da ta yi daidai, a kawo gyara ɗaya, a sa ta sake nan take. Mai horarwar da ke disga ɗaliba a gaban 'yan uwanta, abin da ɗalibar za ta kai ɗakin tsohuwa ke nan.

A haɗa iyali cikin zama ɗaya aƙalla. Banza ne a koya wa mai kula jira da ba da zaɓi, alhali uwar gida tana ƙwala mata kira ta zo ta yi wanke-wanke da cefane. A fayyace aikinta, a ba ta ranar hutu, a biya ta kan lokaci, a samu wanda zai karɓe ta idan an kwana ba barci. Wadda ta yi kwana uku ba ta runtsa ba, duk iya horonta sai muryarta ta tashi.

Bayan mako biyu mai horarwa ya je gidan, da izinin dattijon, ya zauna gefe ya kalli safiya ɗaya: sallama, karin kumallo, shan magani. Ya lura ko ta jira amsa, ko ta faɗa kafin ta taɓa, sau nawa ta ba da zaɓi. Sannan ya nemi kowa ya fita, ya tambayi tsohon shi kaɗai. Kada ya ce "tana kyautata muku?", domin kawaici zai sa ya ce "alhamdulillahi" ko da ana cutarsa. Ya tambayi abu takamaimai: "Da wane suna take kiranku? Idan kun ce ba yanzu ba, me take yi? Akwai abin da kuke so a riƙa yi daban?" Abin da ya faɗa a ƙara shi cikin takardar, a sa kwanan wata, a sake dawowa bayan wata uku, ko da zarar jikinsa ya canza.